Ɗana yana karatu a Amurka, yana so ya tafi hutu da abokansa: in bar shi?

Tambaya: Wata uwa ce ta rubuto daga Kano. Ɗanta mai shekara 19 yana ajin farko a wata jami'a a jihar Ohio da bizar karatu. A watan Maris za a ba su hutun mako guda, wanda Amurkawa ke kira spring break, kuma shi da abokansa suna so su tafi bakin teku, ko Florida ko birnin Cancun na ƙasar Meksiko. Abin da ta gani a intanet game da wannan hutu ya tayar mata da hankali. Mahaifinsa ya ce a hana shi kawai. Tana so ta san ko ta bar shi, in kuma ta bar shi, me za ta iya yi daga nesa.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana su, ya shirya su. Na daɗe ina aiki a ofishin da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje a wata jami'a a can, kuma da hutun nan ya gabato irin wannan tambaya takan zo, wani lokaci daga iyaye, wani lokaci daga yaran da ke neman a taya su lallashin iyaye. Amsata kashi biyu ce. Maganar Meksiko a ajiye ta gaba ɗaya. Florida kuwa ina ganin a bar shi ya je, amma sai an zauna an yi magana ta gaskiya tukuna.

Na fahimci Alhaji sarai. Sai dai hanin da aka yi daga Kano ba ya isa Ohio da ƙarfinsa. A can wanda ya cika 18 baligi ne a gaban doka, katin banki na aljihunsa, jami'a ba za ta tambaye shi ina za shi ba, ba kuma za ta kira ki ba. In kun ce a'a, ɗayan biyu ne. Ko ya bi umarni ya zauna shi kaɗai a ɗakin kwanan da kowa ya watse, a wasu makarantun ma har ɗakin cin abinci rufe shi ake yi. Ko kuma ya ce "to, Mama" ya yi tafiyarsa, yana turo miki hoton da ya ɗauka tun makon jiya a laburare. Na biyun nan nake tsoro. Yaron da ya tafi a ɓoye, ranar da abu ya lalace ba zai kira gida ba, ba zai kira 'yan sanda ba, zai tsaya yana lissafin yadda zai rufe asiri a daidai mintocin da ake ceton rai.

Abin da kika gani a intanet gaskiya ne, amma ba kowa ke yin haka ba. Ɗalibai da yawa gida suke tafiya, wasu su bi tawagar aikin sa kai, wasu su biya bashin barci. Masu neman shagali sukan taru ne a wasu sanannun wurare: Panama City Beach da Daytona da Fort Lauderdale da Miami Beach a Florida, sai tsibirin South Padre a Texas. Garuruwan ma sun gaji da su. Fort Lauderdale ta karɓi ɗalibai sama da 300,000 a 1985, daga nan ta matsa musu da dokoki har suka sauya sheƙa. Panama City Beach ta haramta shan giya a kan rairayin bakin teku duk watan Maris bayan ɓarnar da aka yi a 2015. Miami Beach kuwa, bayan harbe-harben Maris ɗin 2023 da suka ci rai biyu, ta fito a 2024 ta ce ta raba gari da masu wannan hutu, ta kafa shingayen bincike, ta tsauwala kuɗin ajiye mota. Abin da wannan ke nufi ga ɗanki shi ne 'yan sanda sun yi yawa a wuraren, kuma ƙaramin laifi ma kamu ake yi. Florida faɗi gare ta, akwai garuruwan da iyalai ke zuwa da 'ya'yansu ƙanana. Saboda haka in ya ce "Florida", ki ce wane gari, wane otal, kai da su wa.

Dalilina a kan Meksiko ba tsoron masu garkuwa ba ne, takardu ne. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar da take ba 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, daga baya ma an ƙara tsanantawa. Ki sa ya buɗe fasfonsa ya karanta miki abin da ke jikin tasa. Muddin yana cikin ƙasar yana karatunsa, takardarsa ta I-20, wadda makaranta ke bayarwa a matsayin shaidar shi ɗalibinta ne, na aiki, ƙarewar biza ba ta dame shi ba, domin aikinta a bakin shiga ne. Ranar da ya sa ƙafa waje, dawowarsa ta koma hannun jami'in da zai tarar a filin jirgi. Akwai wani sassauci a doka da ke ba ɗalibi damar dawowa da bizar da ta ƙare in tafiyar ba ta wuce kwana 30 ba zuwa Kanada ko Meksiko ko wasu tsibiran da ke kusa. Yara sukan karanto shi su zo ofis suna murna. Sharuɗɗa gare shi, ba kowane ma'aikacin kamfanin jirgi ya san shi ba, kuma ita Meksiko biza take nema daga mai fasfon Najeriya sai in bizarsa ta Amurka tana da rai. Ga kuma sa hannun jami'in makaranta a shafi na biyu na I-20, wanda ke aiki shekara guda, sau da yawa sai a filin jirgi yaro ke tunawa da shi. Abokansa 'yan ƙasa za su dawo aji ranar Litinin, shi kuma yana iya samun kansa a Abuja yana neman ranar ganawa a ofishin jakadanci, zango ya wuce, kuɗin makaranta sun tafi. Kwana biyar a Cancun bai kai wannan ba. Ki kuma sani, babban abin da ke jan yaran Amurka can shi ne a Meksiko ɗan shekara 18 yana sayen giya, a Amurka kuwa sai 21.

Yanzu ga abin da ke halaka yara a wannan hutu, kuma ba shi iyaye suka fi kawowa a rai ba. Na farko hanya ce. Daga tsakiyar Ohio zuwa gaɓar Florida ta arewa tafiyar sama da sa'a 12 ce a mota, zuwa Miami ta kai 17. Yara kan gama aji ranar Juma'a, su loda mota da yamma, su ce za su kwana suna tafiya don kada su biya otal a hanya. Hukumomin lafiya na Amurka sun ce wanda ya yi kimanin sa'a 17 idonsa biyu, tuƙinsa kamar na mai kashi 0.05 cikin ɗari na barasa a jini ne, wanda ya cika sa'a 24 kamar na mai 0.10, alhali iyakar doka a kusan duk jihohi 0.08 ce.

A nan ne yaranmu ke faɗawa wani tarko da tarbiyyarsu ta jawo musu. Ɗanki ba ya sha, abokansa sun sani, don haka shi ne direba. Shi zai kai su, shi zai jira su a bakin gidan rawa har ƙarfe uku, shi zai kwaso su, shi kuma zai tuƙo su gida ranar Lahadi suna ta minshari a baya. Shi da bai ɗanɗana komai ba shi ne ya fi kowa gajiya, kuma shi ne a bayan sitiyari in ɗan sanda ya tsayar da su ya tarar da buɗaɗɗiyar kwalba ko ƙullin wiwi a ƙarƙashin kujera. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. In kuna da hali, ku saya masa tikitin jirgi, shi ne kuɗin da ya fi kowane amfani a tafiyar. In mota ce dole, to a raba tafiyar kwana biyu, direbobi aƙalla biyu, kuma ya faɗa musu tun a Ohio cewa motar da zai tuƙa ba a sa mata komai. In ta haya ce, yawancin kamfanoni ba sa ba wanda bai kai 21 ba, kuma inshora ba ta rufe wanda sunansa ba ya cikin takardar haya. Dabarar wani babba ya karɓo a riƙa karɓa-karɓa tana aiki ne kawai har ranar da aka yi karo.

Ki kuma tuna masa yadda ake yi in an tsayar da mutum a can: ya tsaya gefe, ya sauke gilashi, hannuwa biyu a kan sitiyari, kada ya fito, kada ya kai hannu aljihu sai ya faɗa. Na goro kuwa ko da wasa kada ya ambata, wannan kaɗai laifi ne mai kai mutum kurkuku.

Na biyu ruwa. Zan ɗan daɗe a nan domin yaranmu da yawa ba su iya iyo ba, kuma kunya ba ta bari su faɗa a gaban abokai. Wanda ma ya iya, a wurin wanka na otal ko a dam ya koya, teku kuwa daban take. Akwai wani jan ruwa da ke tasowa daga gaɓa ya nufi tsakiyar teku ta wata siririyar hanya. Abin takaici, wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, domin igiya ba ta fashewa a nan, sai baƙo ya zaɓe shi. Mutum yana tsaye ruwa iya ƙugu, igiya ɗaya ta ɗaga shi, kafin ya farga ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, gaɓa tana nisa. Gudunsa kan kai ƙafa takwas a daƙiƙa, ya fi na gwanin iyo na gasar duniya. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ƙiyasta cewa yana cin rai sama da 100 a shekara, kuma shi ne sanadin sama da kashi 80 cikin ɗari na ceton da suke yi a bakin teku. Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake jansa. Abin da ke kashewa shi ne mutum ya firgita ya yi ta kokawar komawa ta inda ya fito har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya faɗa ciki ya kwanta a bayansa ya yi iyo, ya ɗaga hannu, in ya iya ya bi gefe daidai da tsawon gaɓa har ya fita daga jan. Wanda yake waje kuma kada ya afka ceto hannu rabbana, ya jefa abin da ke iyo, ya kira masu ceto. An sha binne mai ceto wanda aka je ceton yana raye.

A Florida tuta ke magana: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja hatsari, ja biyu an rufe ruwan, shunayya akwai halittun ruwa masu harbi. A Panama City Beach shiga ruwa da tuta ja biyu tarar dala 500 ce. Sharaɗina ga ɗanki mai sauƙi ne: inda babu mai ceto a kan hasumiyarsa, kada ruwa ya wuce masa gwiwa, da dare kuwa ko kusa. A Maris ɗin 2025 wata ɗalibar jami'ar Pittsburgh mai shekara 20 ta je wannan hutu Punta Cana, a Jamhuriyar Dominika, da ƙawayenta. Sun fita bakin teku wajen ƙarfe huɗu na asuba, ƙawayen suka koma ɗaki suka bar ta. Ba a sake ganinta ba, kuma daga baya iyayenta suka yarda cewa ruwa ne ya ci ta.

Na uku ƙwaya. Za ki ce ɗana ba ya wannan, kuma na yarda. Amma ba sai ɗan ƙwaya ba. Ana buga ƙwayoyin jabu masu kama da maganin ciwo ko na barci ko na hana barci lokacin jarrabawa, a cikinsu akwai fentanil, wani sinadari mai bugarwa da tsananin ƙarfi, wanda miligiram biyu nasa kan iya kashe mutum. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka ta ce a 2023, cikin kowace ƙwayar jabu goma da ta gwada, bakwai na ɗauke da abin da zai iya kisa. A shekarar ce ma gwamnatin Amurka ta gargaɗi matafiya cewa har a wasu kantunan magani na Meksiko ana sayar da irinsu. Mu kuma mun saba in kai na ciwo wani ya miƙo ƙwaya daga aljihu a haɗiye. Wannan sabon ya bar shi a gida. Abin da bai saya da hannunsa a kantin magani cikin kwalinsa ba, kada ya kai baki, haka abin shan da ya ajiye ya juya baya.

Ko da shi bai taɓa ba, yana iya zama shi kaɗai mai hankali a ɗakin, don haka ya san abin yi. Wanda ya bugu har aka kasa tashinsa, ko numfashinsa bai kai takwas a minti ba, ko yake amai bai farka ba, ba barci yake ba. A kwantar da shi a gefensa, a kira lambar gaggawa ta 911, kada a bar shi shi kaɗai. Yara kan ƙi kira don tsoron kamu, alhali yawancin jihohi, har da Florida, suna da dokar da ke sassauta wa wanda ya kira don ceton rai. Akwai kuma maganin feshi a hanci mai suna Narcan da ke farfaɗo da wanda fentanil ya kayar, tun 2023 ana sayar da shi ba tare da takardar likita ba, jami'o'i da yawa ma kyauta suke bayarwa. Ɗaya a jaka ba zargi ba ne.

Sai doka, wadda nauyinta a kansa ba ɗaya ba ne da na abokansa. Ɗan ƙasa in an kama shi da ƙaramin laifi ya biya tara, ya zama labarin dariya. Ɗanki kamu kaɗai a kan tuƙi cikin maye ya isa a soke masa biza tun kafin a je kotu. Wiwi halal ce a dokar wasu jihohi, amma a dokar tarayya, wadda ita ke hukunta baƙi, har yanzu haram ce. Katin shaida na jabu da yara ke saya don su shiga inda sai mai shekara 21 ke shiga, a Florida babban laifi ne da kan kai ɗaurin shekara biyar. Ku kuma cire kunya, ke ko Alhaji ko wani kawunsa, a gaya masa cewa 'yan sakandare ma suna zuwa wuraren nan, kuma macen da maye ya gusar wa hankali doka ba ta ɗaukar ta amince da komai. In ƙaddara ta sa aka kama shi, ya faɗi sunansa, ya ce yana son lauya, ya yi shiru. Kada ya amsa laifi don a sallame shi da wuri sai lauyan da ya san dokar shige da fice ya duba. Yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin Najeriya, akwai a Washington da New York da Atlanta.

Fasfo da I-20 da takardar I-94, wato shaidar shigarsa ƙasar, su tafi tare da shi ko a cikin ƙasa ne, hotonsu kuma yana wayarsa da taki. Da fasfon zai hau jirgi. In ma suka sauya shawara zuwa South Padre, hanyar dawowa tana bi ta shingen jami'an kan iyaka a Sarita, inda ake tambayar kowa matsayinsa.

Wani abu da iyaye ba sa sani sai ranar ta zo: tunda ya cika 18, asibiti ba dole ba ne ya gaya miki komai a kansa, jami'a ma haka. Akwai takardar da zai cika ya ba da izinin a yi magana da ke, da wata da zai naɗa wanda zai yanke shawara in shi ba ya cikin hayyacinsa. Ya tambaya a asibitin makaranta. In kuna da ɗan'uwa ko amini a Amurka, a sa sunansa tare da naki, domin shi zai iya isa gadon asibiti a yini guda. Katin inshorarsa ya kasance a aljihu, kuma ya san cewa wata dokar tarayya ta 1986 ta hana sashen gaggawa korar marar lafiya don ba shi da kuɗi. Takardar biya za ta zo daga baya, za ta yi nauyi, amma wannan matsalar masu rai ce.

Maganar waya kada ta zama tsaro na gidan yari. In kika kira sau goma a yini, zai daina ɗauka, daga nan shirunsa ba zai ƙara nuna miki komai ba. Ku yanke lokaci ɗaya, saƙo ɗaya a WhatsApp kullum, ki lissafa da cewa agogon Kano yana gaba da na Florida da sa'a biyar zuwa bakwai, gwargwadon garin da kuma sauyin agogon da suke yi ranar Lahadi ta biyu ta Maris. Ya buɗe wa mutum ɗaya manhajar nuna inda yake, ko yayansa ne in ke yana jin nauyinki. Abokan kuma su yi alkawari tun kafin su tashi: tare aka fita, tare za a dawo, ba a barin kowa da baƙo. Ga masu 'ya'ya mata wannan ya fi komai, tare da duba lambar motar Uber kafin a shiga. A 2019 wata ɗaliba a South Carolina ta shiga motar da ta zaci ita ta kira, direban ya kashe ta.

Ke ma akwai naki tarkon. 'Yan damfara sukan kira iyaye a irin wannan lokaci, a ji kuka a bayan waya, a ce an kama yaro ko an sace shi, a turo kuɗi yanzu kuma kada a kashe waya. Yanzu har muryar mutum suna iya kwaikwaya da na'ura daga bidiyon da ya sa a Instagram. Ku ajiye wata kalma ta gida da ba a rubuta ta ko'ina ba, kamar sunan da kakarsa ke kiransa da shi. In kira ya zo, ki tambayi kalmar, wani kuma ya kira lambarsa ta wata wayar.

Kafin ku tura ko sisi, ya aiko da sunan otal da shaidar an kama ɗaki, domin otal-otal da yawa a Florida ba sa ba wanda bai kai 21 ba makulli, kuma yaran da aka mayar daga kanta da tsakar dare a mota suke kwana. Ya aiko da sunayen abokan tafiya da lambar mutum biyu, da ranar dawowa. Kuɗin gaggawa su zauna a wani kati dabam da na kashewa, waɗanda za su isa kwana ɗaya a otal da tikitin komawa Ohio shi kaɗai. Sannan Alhaji da bakinsa ya gaya masa cewa in wuri ya ɓaci, ko ƙarfe nawa ne, ko mene ne ya faru, ya kira, za a fitar da shi tukuna, faɗa sai ya dawo. Daga bakinki zai ɗauka tausayin uwa ne, daga bakin mahaifinsa kuwa zai san izini ne.